Yadda Ake Shiga Zaɓen Cike Gurbi na Majalisar Dokokin Jiha a Amurka

Majalisun dokokin jihohin Amurka suna da kujeru sama da 7,300 a zauruka 99, domin kowace jiha majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, in ban da Nebraska mai guda ɗaya tal. Da wannan yawa, babu shekarar da za ta wuce ba a samu kujerun da suka rasa masu su ba. Wani ya rasu, wani ya samu muƙami ya yi gaba, wani kotu ta tsige shi, wani kuma ya ga albashin ba zai riƙe iyali ba ya ajiye. Ga sabon shiga siyasa, irin wannan gurbi shi ne dama mafi kyau: babu mai ci a kan kujerar da za ka yi kokawa da shi, masu fitowa zaɓe ba su da yawa, kuma kuɗin da ake kashewa sau da yawa bai kai na babban zaɓe ba. Matsalar ita ce lokaci. Abin da ɗan takarar babban zaɓe ke yi cikin shekara guda, kai za ka yi shi cikin mako shida ko takwas, kuma galibi ana gama rabon tun kafin mutanen gari su ji cewa akwai zaɓe.

Bayanin da ke tafe na wanda ya zama ɗan ƙasa ne, namiji ko mace, yake zaune a wata jiha, kuma yake jin zai iya wakiltar mazaɓarsa. Dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka jihohin da zan ambata misalai ne na yadda abin ke sassaɓawa. Naka aikin shi ne ka gano wanne salo jiharka ta bi.

Da farko, a jiharka ana zaɓen kuwa?

Kimanin rabin jihohin ne kawai ke cike gurbi ta hanyar zaɓe. Sauran naɗi suke yi. A Maryland kwamitin jam'iyyar da ta rasa kujerar ne ke miƙa suna, gwamna ya naɗa. A Ilinoi shugabannin jam'iyya na mazaɓar ne ke zama su zaɓi magaji. A Ohayo 'yan majalisar da ke jam'iyya ɗaya da wanda ya tafi su ne ke zaɓar wanda zai gaje shi, a Nebraska kuwa gwamna ne ke naɗawa. Idan a ɗaya daga cikin waɗannan kake, babu fosta babu kamfen, neman amincewar mutane 'yan ƙalilan ne kawai. Jihohi irin su Kalifoniya, Teksas, Jojiya, Filorida, New York, Pensilbeniya, Bajiniya da Minesota su ne ke zuwa rumfa. Amsar wannan tambaya tana shafin ofishin sakataren jiha ko hukumar zaɓen jiha, kuma kiran waya ɗaya zuwa ofishin zaɓen gundumarka ya isa.

Kalandar zaɓe

Agogo yana fara bugawa ne daga ranar da aka fitar da takardar umarnin zaɓe. A yawancin jihohi gwamna ke fitar da ita. A Pensilbeniya shugaban zauren da gurbin ya faɗo ne, cikin kwana 10, kuma ba a yin zaɓen sai an samu aƙalla kwana 60. A Jojiya gwamna yana da kwana 10, zaɓen kuma yakan zo tsakanin kwana 30 zuwa 60 bayan umarnin. New York kwana 40 zuwa 50 take bayarwa. Kalifoniya ce mai sauƙi-sauƙi: gwamna yana da kwana 14, zagayen ƙarshe kuma yakan kai wata huɗu da ɗoriya. Filorida ba ta yanka wa gwamna rana ba, shi ya sa har kotu aka sha zuwa a kan jinkirin kiran zaɓe.

Ranar zaɓe ita kowa ke kallo, amma ranar da ke kayar da mutane ita ce ta rufe karɓar fom. A Jojiya ba abin mamaki ba ne a buɗe ranar Litinin a rufe Laraba da rana. Wanda ya ji labari ranar Alhamis sai dai ya yi kallo. Saboda haka da zarar umarni ya fito, ka samo kalandar hukuma ka rubuta ranaku shida a inda idonka zai riƙa faɗawa kullum: rufe fom, rufe rajistar masu zaɓe, fara aika ƙuri'un gidan waya, fara zaɓen wuri (wato jefa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe), ranakun miƙa rahoton kuɗi, sai ranar zaɓe da ta zagaye na biyu idan jiharka tana yi.

Kada ma ka jira umarnin. Gurbi ba kasafai yake zuwa ba zato ba. Idan ɗan majalisarku ya tsaya takarar majalisar tarayya, ko ana raɗe-raɗin za a ba shi alƙalanci, ko yana gaban kotu, to ka fara shiri a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka tabbata ka cancanta, musamman ta fuskar gida

Sharuɗɗan suna cikin tsarin mulkin kowace jiha: shekaru, zama ɗan ƙasa, rajistar zaɓe, da tsawon zama a jiha da mazaɓa. Teksas tana neman shekara 21 ga ɗan majalisar wakilai, 26 ga sanata, tare da zaman shekara guda a mazaɓar. New York shekara 18 ta ishe ta, amma tana son zaman shekara 5 a jihar da wata 12 a mazaɓar. Wanda ya samu ɗan ƙasanci daga baya yana da cikakken 'yancin tsayawa. Ilhan Omar, wadda aka haifa a Somaliya, daga majalisar wakilan Minesota ta fara a 2016. Sai dai wasu jihohin suna ƙirga shekarun da ka yi da zama ɗan ƙasa, don haka ka duba ranar da ke kan takardarka.

Batun gida shi ne wanda mutane ke rainawa, kuma shi ne abokan hamayya suka fi bincika. A zaɓen Nuwamba 2024 a Minesota, Curtis Johnson ya ci mazaɓa ta 40B da tazara mai yawa. Abokin takararsa ya kai ƙara cewa ɗakin da ya kama haya a mazaɓar ba a nan yake kwana ba, gidansa na ainihi yana waje. Alƙali ya amince, kujerar ta suɓuce masa tun bai zauna a kai ba. Aka kira zaɓen cike gurbi, kotun ƙolin jihar ta ce gwamna ya yi gaggawar kira, aka ɗage zuwa 11 ga Maris 2025, David Gottfried ya ci, majalisar ta koma kunnen doki, 67 da 67. Adireshin mutum ɗaya ya dagula majalisar jiha guda na tsawon makonni. In ka koma mazaɓa don takara, ka koma da gaske: lasisin tuƙi, rajistar zaɓe, takardar wuta da ruwa, takardar haraji, duk su nuna wuri ɗaya, kuma maƙwabta su san fuskarka. Ka kuma duba taswirar yanzu, domin bayan ƙidayar 2020 an sake shata iyakokin mazaɓu, gida yana nan inda yake amma mazaɓarsa ta iya canzawa.

Sai aikin da kake yi. Dokar Hatch ta 1939 ta hana ma'aikacin gwamnatin tarayya tsayawa a zaɓen da ake yi da sunan jam'iyya, har da ma'aikacin gidan waya. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma yana shiga wannan hani idan albashinsa gaba ɗaya daga kuɗin tarayya yake fitowa. Filorida da wasu jihohi kuma suna tilasta wa mai riƙe da wani zaɓaɓɓen muƙami ya miƙa murabus kafin ya nemi wani. Ka kuma yi wa kanka lissafin abinci. New York tana biyan ɗan majalisa dala 142,000 a shekara, Teksas dala 7,200 ban da alawus na kwanakin zama, New Hampshire dala 100. A jihohi da dama, cin zaɓe yana nufin ragin samu.

Yadda ake samun suna a kan takardar ƙuri'a

Nan ne ainihin takarar take, kuma salo uku ne.

Salo na farko shi ne na New York da Pensilbeniya, inda ba a yin zaɓen fidda gwani a cike gurbi. 'Yan kwamitin jam'iyya na mazaɓar ne ke taruwa su tsayar da mutum, wani lokaci cikin mako guda da faɗuwar gurbin. Tunda yawancin mazaɓu sun karkata sosai ga jam'iyya ɗaya, wanda wannan zama ya tsayar kusan ya riga ya ci. Ke nan masu zaɓenka na farko ba dubbai ba ne, mutane ne da za ka iya rubuta sunayensu a takarda ɗaya ko biyu. Ka nemi jerin sunayen daga ofishin jam'iyya na gunduma, ka karanta ƙa'idar zaman da kanka, domin a wasu wurare ƙuri'ar kowane ɗan kwamiti tana da nauyi gwargwadon ƙuri'un da unguwarsa ta kawo wa jam'iyya a zaɓen baya. Mutum uku masu nauyi sun iya fin goma. Ka kira kowa da kanka, ka je ka same shi, ka tambaye shi kai tsaye ko zai zaɓe ka. Wanda ya ce maka "za mu gani", kada ka sa shi cikin lissafi. A ganina wannan salo bai yi wa sabon shiga adalci ba, amma akwai abin da mutane ba su lura da shi ba: kujerun kwamitin unguwa da yawa babu kowa a kansu, kuma mai son takara nan da shekara biyu zai iya shiga ciki yau.

A Bajiniya jam'iyya kan shirya nata zaɓen fidda gwani da kanta, a rumfuna kaɗan, na 'yan sa'o'i, da sanarwar kwanaki kaɗan. Wanda ya iya kawo mutum ɗari biyar wurin a ranar Asabar ya fi wanda ya fi kowa iya magana.

Salo na biyu shi ne na Filorida da Minesota da Masachuset: zaɓen fidda gwani na hukuma, sannan babban zagaye. Zaɓe biyu ke nan cikin ɗan lokaci, kuma dole ka raba kuɗinka da ƙarfinka gida biyu, sai dai idan mazaɓar ta jam'iyyarka ce ƙwarai, inda za ka zuba kusan komai a na farko.

Salo na uku shi ne na Teksas da Jojiya da Kalifoniya: kowa da kowa a kan takarda ɗaya, ko daga wace jam'iyya. Wanda ya haura rabin ƙuri'u ya ci nan take, in babu, biyun farko su je zagaye na biyu. A nan lissafi yana canzawa. Idan mutum bakwai ne a fili, burinka na farko shi ne ka shiga cikin biyu, kuma ka guji cin mutuncin waɗanda za su faɗi, domin magoya bayansu za ka nema a zagaye na biyu.

Mai son tsayawa ba tare da jam'iyya ba yana da hanya a kusan ko'ina, ta tattara sa hannu. Hanya ce mai wuya, kuma a gajeren lokaci ta fi wuya.

Ma'aji da asusu kafin kuɗin farko

Ba a hukumar zaɓen tarayya za ka yi rajistar takararka ba. Kowace jiha tana da tata hukumar sa ido kan kuɗin kamfen, kuma da yawa suna son ka yi rajista kafin ka karɓi ko ka kashe ko sisi. A Teksas sai ka miƙa takardar naɗa ma'aji ga hukumar ɗa'a ta jihar kafin ka karɓi gudummawa, kafin ma ka biya kuɗin fom. A Kalifoniya akwai fom mai lamba 501 na bayyana niyya, da mai lamba 410 na kafa kwamiti da zarar kuɗin ya kai dala 2,000, da mai lamba 700 na bayyana kadarori da hanyoyin samu.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne: ka samu ma'aji, ka nemi lambar haraji ta kwamitin daga hukumar harajin tarayya, wato IRS, wadda kyauta ce kuma ana samu ta intanet, ka buɗe asusun banki na kamfen shi kaɗai, sannan ka yi rajista da hukumar jiha. Kada ka ɗauki ma'aji don zumunci. Ka nemi mutum mai tsantseni wanda ba ya jin nauyin ce maka a'a, wanda zai ajiye rasiɗin kofi ma. Kuɗin kamfen kada ya taɓa shiga asusunka na kanka, ko da na dare ɗaya ne. In kai ne ka zuba naka, a rubuta shi a matsayin gudummawa ko bashi.

Kuɗin fom ya bambanta ƙwarai. Dala 2 ne ga ɗan majalisar wakilai a New Hampshire, 400 a Jojiya, 750 a Teksas, 1,250 ga sanata a can. Filorida kashi 6 cikin ɗari na albashin shekara take karɓa daga ɗan takarar jam'iyya. Ka tambayi irin biyan da ake karɓa, domin wasu ofisoshin sai da cekin asusun kamfen.

In sa hannu ake nema, ka tara ninki biyu na abin da doka ta ce. Za a zubar da wanda ba shi da rajista, da wanda ke wajen mazaɓa, da wanda adireshinsa bai dace da na rajista ba, kuma kuskuren mai tattarawa ɗaya yana iya kashe shafi guda. A zaɓen 1996, lokacin da Barack Obama ya fara neman kujerar majalisar dattawan Ilinoi, mutanensa sun ƙalubalanci takardun sa hannun abokan takararsa, har da na Alice Palmer mai riƙe da kujerar, duka suka rasa shiga takardar ƙuri'a, ya wuce zaɓen fidda gwani shi kaɗai. Abin da aka yi musu halal ne a doka, kuma za a iya yi maka. Ka riƙa tantance kowane suna da rajistar masu zaɓe a daren da aka kawo shi. Ranar miƙawa kuma ka je da kanka, a ranar farko idan zai yiwu, don in an ga gyara ka samu sararin yi.

Kuɗi: daga ina, kuma daga ina ne ba a karɓa

Ka fara da iyaka. Teksas da Pensilbeniya da Bajiniya ba su ƙayyade abin da mutum ɗaya zai bayar ba, ko da yake biyun farko sun hana kamfanoni bayarwa kai tsaye. Kalifoniya ta tsayar da dala 5,500 ga mutum ɗaya a kowane zaɓe a zangon 2023 zuwa 2024, kuma tana ɗaga adadin duk shekara biyu. Maine da Konetikat suna da tsarin da gwamnati ke ba ɗan takara kuɗin kamfen idan ya tara ƙananan gudummawa daga mutanen mazaɓarsa. A Maine dala 5 ce kowace gudummawa.

Ga wanda ke da dangi a wata ƙasa, wannan sakin layi ya fi duk sauran muhimmanci. Dokar tarayya ta haramta karɓar gudummawa daga wanda ba ɗan Amurka ba, a kowane irin zaɓe, na tarayya ne ko na jiha ko na gari. Mai katin zama na dindindin ne kawai aka keɓe, shi zai iya bayarwa. Ɗalibi mai bizar karatu ba zai iya ba, mai bizar aiki ba zai iya ba, yayanka da ke gida ba zai iya ba ko da da zuciya ɗaya ya aiko. Kuma dabarar a tura wa wani ɗan ƙasa kuɗin ya bayar da sunansa laifi ne na daban, wanda ya sha kai mutane kurkuku. Haka idan attajiri ya raba kuɗi ga ma'aikatansa su bayar da sunayensu. Za a ji haushinka idan ka mayar wa mutum kyautarsa, musamman babba, amma ka mayar, ka yi masa bayani da ladabi. Wanda ba ɗan ƙasa ba zai iya taimaka maka da aikin sa kai ba tare da biya ba, kamar raba takardu, muddin ba ya cikin masu yanke shawarar kamfen. Masallaci ko coci ko ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji su ma ba za su ba ka daga asusunsu ba. Tara kuɗi a faranti a wurin taro ma matsala ce, tunda doka tana son suna da adireshi, sau da yawa har da sana'ar mai bayarwa.

Hanyar tara kuɗin kanta ba ta da wani sirri. Ka zauna da wayarka ka rubuta duk wanda ka sani wanda doka ta yarda ya bayar, ka sa adadin da kake ganin zai iya a gaban sunansa, ka ware sa'o'i biyu ko uku kullum kana kira. Ka faɗi adadin da bakinka, ka yi shiru ka jira amsa. A intanet, 'yan Democrat suna karɓa ta shafin ActBlue, 'yan Republican ta shafin WinRed. A makon farko ake wannan aiki, domin kuɗin da ya shigo kwana uku kafin zaɓe ba zai buga takarda ta isa gidajen mutane ba. Ka kuma tuna cewa dab da zaɓe rahoto yana ƙara matsewa: a Kalifoniya gudummawar dala 1,000 ko fiye sai an bayyana ta cikin sa'a 24.

Ƙirga mutanen da kake bukata

A zaɓen cike gurbi mafi yawan masu rajista ba sa fitowa. Wannan ne ke sa sakamako ya riƙa ba da mamaki. A Janairu 2025 Mike Zimmer na Democrat ya ci kujerar majalisar dattawan Iowa a mazaɓar da Donald Trump ya lashe da tazarar kusan maki 21 kusan wata uku kafin nan. A Maris na shekarar James Malone ya ci ta gundumar Lancaster a Pensilbeniya da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 600 ba. Ba mutanen mazaɓun ne suka sauya ra'ayi cikin dare ba. Ɓangare ɗaya ya fito, ɗayan ya zauna a gida.

Ka nemi rajistar masu zaɓe daga hukumar jiha ko gunduma, ko ta manhajar jam'iyya, VAN ga 'yan Democrat, i360 da makamantanta ga 'yan Republican. Rajistar ba ta nuna wanda mutum ya zaɓa, amma tana nuna zaɓukan da ya fito. Ka ɗauki misali: mazaɓa mai masu rajista 40,000, kuma zaɓukan da suka gabata masu kama da wannan sun nuna kashi 15 cikin ɗari ne ke fitowa. Mutum 6,000 ke nan. Kana bukatar 3,001, ka sa burinka a 3,400 don ka bar wa kanka sarari. Yanzu aikin ya zama na nemo mutum 3,400 da sunayensu da ƙofofinsu. Ka fara da waɗanda ba sa fashin zaɓe, irin masu fitowa ko da na hukumar makarantu ne. Galibi dattawa ne, masu gidan kansu, kuma suna karanta abin da aka jefa musu a akwatin wasiƙa. Bayan su sai magoya bayan jam'iyyarka da ke fitowa a babban zaɓe kawai. Su ba sai ka shawo kansu ba, sanar da su ranar kawai suke bukata, sau uku ko huɗu.

Binciken da Alan Gerber da Donald Green na jami'ar Yale suka yi a garin New Haven a 1998 ya nuna cewa zuwa ƙofa a yi magana ido da ido ya fi wasiƙa da kiran waya fitar da mutane, kuma har yau masu kamfen a kansa suke tafiya. Ka buga ƙofa da kanka kowace rana. Bayan kowace hira a ba mutumin maki daga 1 zuwa 5, 1 ga wanda ke tare da kai sosai, 5 ga wanda ba ya tare da kai sam, a shigar a daren. Maganarka ta tsaya a kan abu biyu ko uku da majalisar jiha ke da iko a kansu da gaske, kamar kuɗin makarantu, harajin gidaje, hanyoyi, inshorar lafiya ta Medicaid, dokar haya. Mai zaɓen da ke fitowa a irin wannan rana ya san bambancin aikin jiha da na tarayya, kuma zai gane idan kai ba ka sani ba.

Taron jama'arka na asali yana da daɗi, zauren ya cika, a yi hotuna. Amma ka tambayi kanka mutum nawa ne a cikinsu 'yan ƙasa, masu rajista, mazauna mazaɓar. Sau da yawa amfaninsu ya fi yawa a matsayin masu aikin sa kai da direbobin ranar zaɓe. Allunan da ake kafawa a gaban gidaje ma kada su cinye maka kuɗi. Duk abin da ka buga, takarda ne ko talla a Facebook, a rubuta sunan kwamitin da ya biya, da ranar zaɓen da manyan baƙaƙe. Goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, na malamai, na 'yan kasuwa da jaridar gari yana da nauyi a nan fiye da kullum, tunda mutane ba su da lokacin sanin 'yan takara. Tambayoyinsu kan iso a makon farko da wa'adin kwana biyu ko uku, ka sa mutum ɗaya ya kula da su.

Daga zaɓen wuri zuwa ƙirga

Inda ake zaɓen wuri ko na gidan waya, ranar zaɓe ta zama makonni. Hukumomi da yawa suna fitar da sunayen waɗanda suka riga suka jefa ƙuri'a kowace rana. Ka riƙa cire su daga jerinka, ka mai da ƙarfi kan waɗanda suka ce suna tare da kai amma ba su je ba tukuna. Ka tabbatar da wuraren zaɓen da kanka, domin a cike gurbi akan haɗe rumfuna, mutum ya je inda ya saba ya tarar a kulle.

A ranar zaɓe, ka kiyaye tazarar da doka ta hana kamfen a cikinta, ƙafa 100 daga ƙofa a Teksas, 150 a Jojiya da Filorida. Wakilanka na rumfa sai an yi musu rajista tun kafin ranar. Sakamakon dare kuma ba shi ne na ƙarshe ba: akwai ƙuri'un gidan waya da suka makara, da na wucin gadi da ba a ƙirgawa sai an tantance cancantar mai su, da waɗanda aka samu matsala a sa hannunsu, waɗanda jihohi da yawa ke ba mai su 'yan kwanaki ya gyara. Idan tazarar ƙarama ce, kada ka yi saurin amsa kaye ko shelar nasara. Ka nemi jerin masu matsalar sa hannu ka bi naka gida-gida. Filorida tana sake ƙirga da na'ura idan tazarar ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, wasu jihohin sai ka nema kuma ka biya. Lauyan da ya san dokar zaɓe ka same shi tun kafin ranar. A babban zaɓen Bajiniya na 2017, David Yancey da Shelly Simonds sun tashi da ƙuri'a 11,608 kowannensu, aka zaro sunan Yancey daga cikin kwano a Janairu 2018, kuma da wannan ne Republican suka riƙe rinjayen majalisar.

In ka ci, ragowar wa'adin wanda ya tafi kawai za ka ƙarasa, wani lokaci 'yan watanni. Yakan faru ma fom ɗin babban zaɓe ya rufe tun kana tsakiyar wannan kamfen, don haka ka duba kalandar biyu tare tun ranar farko. Da zarar an rantsar da kai, a jihohi da yawa doka ta hana ka karɓar gudummawa muddin majalisa tana zama. In kuma ka faɗi, kwamitinka yana nan a raye a idon hukuma, rahotanni za su ci gaba da zama wajibi, tara tana hawa kan wanda ya yi shiru. Ko dai ka miƙa rahoton ƙarshe ka rufe shi bisa ƙa'ida, ko ka bar shi a buɗe ma'aji ya ci gaba da miƙawa, ka kuma adana jerin waɗanda kuka ba maki 1 da 2 idan kana da niyyar sake tsayawa a babban zaɓe.